Mutanen Cikin Benen

Mahaifinmu mahauci ne a kasuwar Jega, kuma a teburinsa yayana ya fara haɗuwa da littattafan zane. Ana kawo wa Baba tsofaffin jaridu dami-dami don naɗe nama, wani lokaci a tsakiyarsu sai a tarar da 'yan littattafai masu launi daga ƙasar waje, cike da hotunan wasu ƙarti masu tashi sama da ɗaga motoci da hannu ɗaya. Yayana yakan zare su kafin Baba ya yage. Bai yi nisa a boko ba, don haka ni nake karanta masa abin da ke rubuce, shi kuma yana gaya mini abin da ban lura da shi ba a cikin zanen.

Da ya girma sai ya zama mai fentin motoci a tashar Jega. Yawancin manyan motocin da ke ɗaukar albasa zuwa kudu, shi ya zana musu bayansu. Ya yi aure, ya samu ɗiya mace, amma bai rabu da jaruman nan ba. Ɗaliban da ke karatu a Aliero sun san shi, suna turo masa sababbin fitowa ta waya. Kowane jarumi da littafinsa, da garinsa, da abokan gabarsa, kuma yayana ya san tarihin kowanne kamar tare suka taso. Da aka ce ana shirya wani gagarumin fim da zai tara su duka wuri ɗaya, ya hana kowa sakat a tasha. Direbobi har tsokanarsa suke yi, su ce, "Mai fenti, yaushe 'yan uwanka za su taru?"

Kafin fim ɗin ya iso mana, damina ta yi nauyi. An kwana biyu ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Wata safiya da hantsi, yana tasha, bangon ɗakinsa na ƙasa ya jiƙe ya rufta, ɗiyarsa na ciki tana barci, uwarta tana tsakar gida. Ina wurin lokacin da ya iso. Da hannu muka yi tono, mu da maƙwabta, saboda ana tsoron kada fartanya ta same ta. Shi ya fara taɓa ƙafarta. Ba ta kai shekarun shiga makaranta ba.

Bayan an share makoki, surukansa suka ɗauki matarsa zuwa garinsu Karaye, can wajen Maiyama, ta ɗan huta a gaban iyayenta. Hutun ya yi tsawo. Shi kuma ya koma aiki, yana fenti, yana cin abinci idan an ba shi, bai ƙara yin zancen jaruman ba.

Bayan ruwa ya ɗauke, mai wani gidan kallon ƙwallo a Aliero ya kira shi ya ce fim ɗin ya zo, zai saka bayan azahar tunda babu wasa ranar. Na zaci ba zai je ba. Sai ga shi a ƙofar gida da babur.

"Hau mu tafi," ya ce mini. "Ka riƙa fassara min inda ban gane ba."

Gidan kallon rumfar kwano ce da benci-benci. Zafi, ƙarar janareta, ga warin albasa da ke bin tufafin rabin mutanen ciki. Akwai ɗalibai, akwai 'yan lodi, akwai wasu mahauta biyu da suka san Baba.

Da farko na yi murna da zuwanmu. Duk jarumin da ya fito, yayana yakan dafa gwiwata ya raɗa mini ko wane ne kafin a faɗi sunansa. Da biyu daga cikinsu, waɗanda ba su taɓa haɗuwa a littafi ba, suka yi musabaha, har wani ɗan sauti ya fito daga maƙogwaronsa mai kama da dariya. Ya ma yi ƙorafi cewa an canza launin rigar ɗaya, ya ce wanda ya yi wannan aikin bai taɓa riƙe buroshi ba.

Sai aka zo babban faɗan. A tsakiyar wani birni aka yi shi. Jarumin da yayana ya fi so tun yana yaro ya cafko babban mugun, ya maka shi da wani dogon bene. Benen ya tsage, ya sunkuyo a hankali, ya zube. An nuna mutane ta tagogi kafin ya faɗi, wata mace ma tana riƙe da labule. Ƙura ta turnuƙe, jarumin ya fito daga cikinta yana kakkaɓe kafaɗa, ya yi wata maganar barkwanci. Rumfar ta ɗauki ihu da tafi.

Yayana ya juyo gare ni.

"Mi ya ce?"

Na gaya masa. Wasa ne a kan cewa rigarsa ta yi datti.

"To mutanen da ke ciki fa?"

"Yaya, fim ne."

"Na san fim na. Ina tambayarka, wa zai tono su?"

Ya faɗe ta da ƙarfi, har na gabanmu suka waiwayo. Wani ɗalibi ya ce, "Malam, kwamfuta ce fa, babu wanda ya mutu." Ɗaya daga cikin mahautan ya taɓa ɗalibin ya girgiza masa kai, sai yaron ya yi shiru ba tare da ya san dalili ba.

Yayana bai tashi nan take ba. Ya zauna yana jira, na gane yana jira ne ya ga ko ɗaya daga cikin jaruman zai waiwayi tarin ƙasar. Sun fi goma a wurin, cikinsu har da mai iya ɗaga dutse da mai gani ta cikin bango. Suka wuce zuwa wani titin, wani benen ya sake faɗuwa. A nan ya miƙe ya fita, na bi shi.

A waje ya tsaya jikin babur, makulli a hannunsa.

"Shekara nawa ina kallon wanga abu a takarda," ya ce. "Gidaje nawa sunka rushe a gabana, ina yaba yadda anka zana ƙurar. Ko sau ɗaya ban taɓa tambaya ba."

Na karɓi makullin na tayar da babur. Da muka iso Jega na nufi hanyar gida, sai ya dafa kafaɗata ya ce in miƙe hanyar Maiyama, mu je wurin matarsa.

Mun isa Karaye da la'asar sakaliya. Surukinsa ya shimfiɗa mana tabarma a zaure, aka gaisa, aka kawo ruwa. Can matarsa ta fito ta durƙusa daga bakin ƙofa. Ta rame sosai. Tun ranar da aka tafi da ita ba su yi wata doguwar magana ba, yakan aiko da saƙo ne kawai ta hannun direbobi.

Na tashi zan ba su wuri, yayana ya ce in zauna. Ya dube ta ya ce ya zo ne ya ji yadda abin ya faru, tun daga farko, domin bai taɓa tambayarta ba. Sai ta fara: ta ce ta fito ne ta kwashe tukunya daga wuta, ta ji wani sauti kamar an yage zane. Ta yi ta magana, shi yana saurare, surukinsa ya juya fuskarsa ga bango.

Ba ta biyo mu ba ranar. Ta ce ba za ta iya shiga gidan ba tukuna, shi kuma bai matsa mata ba. Sai da aka girbe dawa, ya kama ɗaki a wata unguwar, sannan ta dawo Jega.