Tarin Kawu a Cikin Hatsi

Wallahi abin nan ni ya faru da ni, ba ji na yi ba. Lokacin ina kabu-kabu da moto, wato babur, tsakanin Tasawa da Maijirgi, damina ta yi kyau, hatsi ya fi mutum tsawo, saura sati uku a fara girbi, sai aka ce Kawuna, wan mahaifiyata, ya fita da hantsi bai dawo ba. Dama hankalinshi ya fara taɓuwa da tsufa, ga wani tari da yake yi sau biyu a jere ya ƙare da "astagafirullahi".

Gari duka aka fita, har jandarma sun zo, aka leƙa rijiyoyi, na ƙona esansi, wato fetur, har Mayahi ina tambaya. Amma kun san yadda muka yi neman? Kan iyakar gonaki muke bi, ta jikin gamba, muna ƙwala kira, don ba mai son a tattake mashi hatsi ya ɗauko ido. Mai gona ya ce, "Tawa na duba da kaina," sai a wuce. Haka fa.

Rana ta huɗu da azahar, na tsaya bakin gonar wani dattijo, Malam Jari, sai na ji tarin nan daga tsakiya, sau biyu, da astagafirullahin. Na sa ƙafa zan shiga, Malam Jari ya riƙe mani hannu ya ce, "Haba ɗan nan, jiya na zagaye ta, iska ce." Manyan da ke wurin suka ce in ji maganar babba. Na ji, kuma har gobe ina jin haushin kaina.

Bayan girbi, fili ya buɗe fetal, na koma na bi gonar taki-taki. Ko takalmi babu. Wasu suka ce karnuka da ungulu suka cinye gawar, wasu suka ce ruwan ƙarshe ya ja rairayi ya rufe. Muka tona wuri uku, rairayi kawai.

Inna Hajo, matar Kawu, ita ke ban tausayi: ba gawa, ba sallah, ba takaba, malamai sun ce ta jira. Ta ce in kai ta wurin. Muna tsaye da rana tsaka, ba kara ba inuwa, tarin ya sake fitowa kusa da ƙafarmu. Ba ta ko razana ba, ta dube ni ta ce, "Ran da ka fara ji, me ya hana ka shiga?"

Har ta rasu tambayar nan na bina. Don Allah in naku ya ɓace, ku kutsa gonar ko ta wa ce, ku tattake hatsin. Ni dai yanzu in hanya ta biyo da ni nan, ba na kashe moto.