Ƙugiyoyin da Suka Ɓace a Shagon Maiwada

Shekara ashirin da shida Malam Maiwada ya yi yana buga tafireta a ofis a Gaya. Da ya ajiye aiki sai ya kama shago kusa da tasha, ya koyi kwamfuta da furfurarsa. An san shi da abu guda: ba ya sakin takarda da kuskure. Tun zamanin tafireta da biro yake bin ƙ da ɗ da ɓ yana sa musu ƙugiya.

Wata Laraba Alhaji Mala, dattijon manomi daga Gafasa, ya kawo masa tarihin zuri'arsu, tun tasowar kakansu daga gabas, yana so a buga kafin taron dangi. Maiwada ya tsara shafi arba'in, ya bi su sau biyu, ya tura wa sabuwar firintarsa. Aiki ya yi masa yawa ranar, bai duba takardun ba ya miƙa.

Washegari Alhaji ya dawo a babur, fuska a murtuke. Inda aka ce kakansu ya bar musu ƙasa, takarda ta ce kasa ya bar musu. Baƙin da ya saukar sun koma baki.

"Malam, wa ya sa ka?" in ji Alhaji. Akwai waɗanda ba sa son littafin ya fito, ya ce, kuma ya san su.

Maiwada ya nuna masa kwamfuta, ga ƙugiyoyi nan cif. Ya sake bugawa, suka sake ɓacewa. Alhaji ya tafi bai gamsu ba.

Shi kuwa Maiwada zuciyarsa ta tafi kan Zulkiflu, maƙwabcinsa mai shagon hoto, wanda ya haɗa masa firintar, kuma ya daɗe yana cewa shi ma zai fara buga takardu. Kwana biyu yana amsa gaisuwarsa a daƙile. Ya sauya tawada, ya sauya wayar firintar, ya sake rubuta shafin farko daga tushe, duk a banza. Matarsa Kadijatu ta ce masa zato zunubi ne, ya ce ai shi bai ambaci sunan kowa ba.

Ranar Asabar Zulkiflu ya shigo da kansa, ya ce ya ji labari a tasha. Ya buɗe saitin direba, wato manhajar da ke haɗa kwamfuta da firinta.

"Baba, ga shi nan. An bar firintar tana musanya haruffanka da nata, ita kuma ba ta da masu ƙugiya."

Ya sauya layi ɗaya, shafi ya fito daidai. Ko minti uku bai yi ba.

Maiwada ya yi godiya, ya buga littafin gaba ɗaya, ya kai Gafasa da kansa. Alhaji ya sa aka karanta masa daga farko har ƙarshe kafin ya karɓa.

Saurin gyaran nan dai bai kwanta wa Maiwada ba. Wanda ya san inda aka ɓoye abu shi ke saurin gano shi, haka ya gaya wa Kadijatu. Suna gaisawa da Zulkiflu lafiya lau, har shayi suke sha tare, amma tun daga ranar ya sa wa kwamfutarsa lambar sirri.