Baba Mika'ilu Maƙeri da Harsashin da Ya Zaɓa Mini

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga watan Rajab na shekara ta 1316, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Baba Mika'ilu Maƙeri a gidansa da ke zangon Akra, bayan ciwon ƙirji da ya kwantar da shi tun ruwan ƙarshe. Ina rumfata a kasuwa ina yayyafa wa goro ruwa, sai babban ɗansa Issifu ya zo ya tsaya a kaina, ya kasa ko sallama. Ban tambaye shi komai ba. Na rufe goron da ganye, na bi shi. An yi masa sutura bayan azahar, kuma rabon da in ga mahauta da masunta da tsofaffin soja sun taru a kan mutum ɗaya haka, na manta.

Ni Jibirilu ne, tsohon soja, yanzu mai sayar da goro. Ba malami ba ne ni, rubutuna ma da ƙyar yake tsayawa a layi. Amma akwai maganar da ke tsakanina da kai, Baba, kuma ka tafi ban gaya maka ba, shi ya sa na zauna na rubuta.

Ka zo mana daga Salaga bayan yaƙin da ya watsa garin, ba ka ɗauko komai ba sai masaba da awartaki da zugazugi, da iyalinka a baya. Hannunka na hagu babu yatsu biyu. Bindigar wani ce ta fashe da kai tun kana saurayi, kuma ba ka ɓoye wannan ga kowa. Ka kafa maƙerarka a gindin bango, nan da nan ta zama wurin zuwan kowa. Mahauta su kawo wuƙa, masuntan ƙabilar Ga su kawo ƙugiya, mata su kawo tukunyar ƙarfe da ta huje. Kana gyara kana faɗa. Na sha jin ka kana ce wa mai kokon unguwarmu ludayinta ba tsufa ya kashe shi ba, dukan jikoki ne. Ta rama, ka rama, ta tafi da ludayi gyararre tana dariya.

Akwai abin da kake yi wanda ban taɓa ganin wani maƙeri yana yi ba. Idan mutum ya kawo maka bindiga gyara idonsa jajir, ka gane da wani yake faɗa, ba ka korarsa, ba ka kuma yi masa wa'azi. Sai ka ce mai zuga ba ya nan, ya taimaka ya riƙe maka zugazugi. Ka bar shi yana zuga yana ba ka labarin wanda ya cuce shi, kai kuwa kana ƙera fartanyar wani. Kafin la'asar fushin ya bi gumi ya fita. Mutum nawa suka kwana gidajensu lafiya saboda wannan zugar, Allah kaɗai Ya sani.

To ni ba da fushi na zo maka ba, da kwaɗayi na zo. A yaƙin Kumasi na farko harsashi ya same ni a kafaɗar dama, ƙashin ya haɗe a karkace. Har yau ko kabbarar salla zan yi, hannun nan ba ya kai kunne. Tun da aka sallame ni ban sake ɗora bindiga a kafaɗa ba, fiye da shekara ashirin. Amma duk safiyar da na ji zabi suna kuka a dajin bayan gari, sai kwaɗayin nan ya taso mini. Ba nama nake so ba, nama ga shi nan a kasuwa. So nake in sake tsayawa da bindiga kamar namiji mai hannu biyu, kuma ba wadda aka saya wurin Turawan bakin teku ba, wadda na haɗa da hannuna. Matata Hamsatu ta ce idan na ƙarasa karya kafaɗar, in nemi mai ɗauke mini kwandon goro, ita ba za ta iya ba. Gaskiyarta ce, amma ban ji ba.

Da na gaya maka, ba ka yi mini dariya ba. Ka ce kafin a taɓa ƙarfe sai an yanke magana ɗaya, wato girman harsashin da bindigar za ta ci, don shi ne ke nuna faɗin bakinta, da nauyinta, da yawan albarushi, da ƙarfin naushin da za ta mayar wa mai ita. Ka kwance wani ƙullin tsumma ka zube mini dalma iri uku a tafin hannu. Ɗaya kamar ƙaramin goro, ta bindigar maharba. Ɗaya ƙasa da ita kaɗan, irin wadda muka saba da ita a soja. Ta ukun ba ta wuce gujiya ba. Ka ce ita ce ta ƙaramar bindigar da hafsoshi ke ratayawa a ƙugu. Ni kuwa ko kallonta ban yi ba, na ɗaga ta soja.

Ka miƙo babban yatsanka ka danna mini kafaɗa, daidai inda ƙashin ya haɗe. Sai da na ga taurari da rana tsaka.

"Kofur," ka ce, "kai dabba kake aunawa. Ni mutumin nake aunawa. Doguwar bindiga za mu yi, amma ƙaramar dalma za ta ci."

Wallahi na ji haushi. Da na kai labari majalisarmu ta tsofaffin soja, abokina Braimah, wanda muka yi Kumasi tare, ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce doguwar bindiga da harsashin ƙaramar bindiga, ai wannan ta harbin ƙadangare ce, in haɗa da 'yan kunne in ba Hamsatu. Na dawo maƙera na ce maka ko babba ko a fasa.

A nan ne na san halinka. Ba ka yi gardama da ni ba, ba ka kuma ba ni abin da na roƙa ba. Ka ce in zo da safe da Braimah, mu same ka a bakin teku wajen itatuwan kwakwa, inda kake gwada kowace bindiga da ta fito daga hannunka. Al'adarka ce tun ranar da ka rasa yatsu: ba mai ɗora sabuwar bindiga ko gyararriya a kafaɗa sai an ɗaure ta a jikin itace, an ja kunamarta da igiya daga nesa. Amma ranar ka ƙara wani abu. Ka zo da tsofaffin tukwanen ƙasa biyu daga madafin matarka, Mma Ayishetu. Ka ɗaure wata bindigar soja da aka kawo maka gyara, ka sassauta ɗaurin, ka sa tukunya tsakanin gindinta da itacen. Ka ba ni igiyar ka ce in ja. Na ja. Da hayaƙi ya washe, babu tukunya sai sakaina a warwatse cikin yashi. Sannan ka ɗaure wata tsohuwar doguwar bindiga taka mai ƙaramin baki, ka sa ɗaya tukunyar. Na ja. Tukunyar ta yi ƙara kaɗan, ta zauna daram.

Ka tsinci guntu ɗaya ka miƙa wa Braimah. Ka ce, "Tukunyar nan lafiyayya ce, ba ta je Kumasi ba. Idan kafaɗar abokinka ta zama haka, kai za ka riƙa ɗaura masa wando?" Braimah ya juya guntun a hannu. Tun daga ranar bai sake ambaton ƙadangare ba.

Haka muka fara aiki, kullum bayan la'asar idan na tashi daga kasuwa. Ka fito mini da wani bututun ƙarfe da ka daɗe kana ɓoyo, ka sa na nemo guntun icen da mutanen nan ke kira odum don ƙota. Abin da ya fi ba ni wahala ba magagari ba ne, kai ne. Kana tsaye a kaina hannuwanka a baya, ina ɓata aiki kana kallo. Sau da yawa na ce, Baba, don Allah karɓa ka yi mini nan wurin, abin da zai ɗauke ni mako kai kafin a yi kiran salla ka gama. Ka ce idan ka karɓa ta zama taka, ni kuwa ba taka na zo nema ba. Na fafe ƙota ta farko ta tsage, ka ce Mma Ayishetu na godiya da itacen wuta. Da muka zo ta biyu, ka sa na riƙa manna ta a kafaɗata ina sassaƙa kaɗan-kaɗan, har gindin ya kauce wa ƙashin da ya karkace ya zauna a nama. Ba wanda zai ji daɗin riƙe bindigar nan a duniya sai ni, don a jikina aka auna ta.

Kafin mu gama, tari ya kama ka. Ka rame, zugazugi ya koma hannun Issifu, kai kana kan tabarma kana ba da umarni. Ranar gwaji na ce mu ɗaga har ka ji sauƙi, ko Issifu ya tsaya a madadinka. Ka ƙi. Ka ce ba a taɓa gwada bindigar maƙerarka ba ka nan ba. Da kafaɗar Issifu ka dogara har bakin teku, kana tafiya kana hutawa, iska na kaɗa rigarka kamar babu mutum a ciki. Aka ɗaure, aka ja igiya. Ƙarar ta fita siririya, tas, ba irin rugugin manyan ba. Ka shafa bututun daga sama har ƙasa da yatsunka uku, ka ce, "Ta ci gwajinta. Saura kai."

Na ce a'a, ba zan ɗora ta ba sai ka warke, mu tafi daji tare, kana tsaye a bayana. Da gaske nake nufi, Baba. Amma tsoro ma yana ciki, kuma ka gani. Ba ka kunyata ni gaban ɗanka ba, ka dai ce Allah Ya kai mu. Na kai ta gida na rataye. Ina zuwa gaishe ka, muna hirar goro da ruwan sama da mutanen Salaga, ba ka taɓa tambayata zancenta ba. Na ɗauka ciwo ya mantar da kai.

Bayan sadakar uku, Hamsatu da kanta ta sauko da ita daga bango ta aje mini a cinya. Ta ce ta gaji da ganinta. Ko in je in harba, ko in mayar wa Issifu ya yi fartanya da ƙarfen. Da gari ya waye na nufi dajin arewa da gari, ni kaɗai. Na tarar da zabi suna kiwo a bakin wata gona. Na ɗura, na ɗaga. Na yi bisimilla na ja kunama.

Zabin suka tashi gaba ɗaya, ko gashin ɗaya ban taɓa ba. Na tsaya ina jiran zafin nan da na sani, irin wanda ke bi ta wuya ya sauka har yatsu. Bai zo ba. Abin da na ji bai wuce kamar aboki ya dafa ni ba. Na juya hannun, na ɗaga, na sauke. Na zauna a kan kunyar gonar na yi kukan da ban yi ba a makabarta.

Daga nan gidanka na wuce, hannu wofi, warin albarushi a rigata. Mma Ayishetu tana zaune cikin takaba, na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe ta, na gaya mata inda na fito. Ta ce, tun ranar da aka gwada bindigata, duk sanda aka yi harbi a wani wuri, ko maharba ko mutanen Akra masu bikin mutuwa, sai ka ɗaga kai daga matashi ka saurara, ka ce, "Ba ta Kofur ba ce, tasa ba ta da wannan ƙara." Ta ce maka ka aika a kira ni mana, ka ce a'a, ba a tura mutum ga abin da yake tsoro, da ƙafarsa zai je. Ta ce har safiyar Larabar nan ka yi zancen, ka ce idan na harba ba ka nan, kada ta tambaye ni me na samo, ta tambaye ni kafaɗar.

To Baba, ga amsarka, ko da ta makara. Na harba. Ban sami komai ba. Kafaɗar tana nan lafiya, da ita na ɗauki kwandon goro yau da safe, da ita nake riƙe da alƙalamin nan. Kai ka yi gaskiya, ni da Braimah muka yi kuskure. Abin da ke cin raina shi ne ka kwanta kana kasa kunne, ni kuwa ina can na rataye ta a bango.

Allah Ya jiƙanka, Baba Mika'ilu. Allah Ya gafarta maka kurakuranka, Ya yalwata maka kabari, Ya haskaka shi, Ya sa wutar maƙera da ka sha a duniya ita ce iyakar zafin da za ka gani. Yadda ka tausaya wa ƙashina da ya karye, Allah Ya tausaya maka ranar da ba mai tausayi sai Shi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mma Ayishetu, da Issifu da ƙannensa, da mutanen Salaga da ke zaune a nan, da dukan jama'ar zango. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya albarkaci abin da ya bari, Ya sa masabarsa kada ta yi sanyi a hannun Issifu. Mu kuma da muka saura, idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.