Ramin da Baba Sale ya huda

Har na bar aikin nan ba zan mance da ranar da na buɗe akwatin famfon wani ƙauye a bayan Gidan Amumune ba. Lokacin bazara ne, ina injiniya a wani ƙaramin kamfani a Tasawa. Aikina zana kart, wato farantin nan mai wayoyi da ke sarrafa famfo mai aiki da hasken rana.

Ga wanda bai san aikin ba, ba da hannu muke jan wayoyin ba. Mukan nuna wa ordinata, wato kwamfuta, inda waya za ta tashi da inda za ta sauka, sai ta laluba ta kowane gefe, tana kauce wa abin da ya tare ta, har ta samo hanya mafi kusa. Idan sama ta cika, sai ta nutsa da wayar cikin farantin, inda ido ba ya gani. Sabon kart ɗinmu haka yake, cikinsa cike da hanyoyi.

Baba Sale ne mai kafa mana kaya, dattijo mai hannu, tun kafin in shiga lakol in fara karatu yake haɗa famfuna. Shi ya kai kart ɗin. Washegari shef ɗin kamfaninmu ya kira ni ya ce famfo ya ƙi tashi, shato, wato babban tanki, babu ruwa, in hau babur.

Na tarar da mata da jarkoki a jere, makiyaya sun tsaida raƙuma da shanu a bakin kwami busasshe. Ina buɗe akwatin sai na ga abin da ya faru. Rami ne a tsakiyar kart ɗin, an zura ƙusa an ɗaure shi tamau.

Na ce, "Baba, wa ya yi wannan?"

Ya ce, "Ni ne, ɗiyata. Akwatin da maƙeri ya yi bai dace da ramukan kart ɗinku ba. Na ɗaga kart ɗin ga rana, na duba wurin da babu waya ko guda, nan na huda. Haka muke yi tun da."

Gaskiyarsa, tsofaffin kart duk wayoyinsu a fili suke. Da na faɗa masa ramin ya tsinke wayoyin da ke ciki, sai ya zauna a ƙasa. Na ji tausayinsa ƙwarai.

Ba a iya gyara waya ta ciki, kuma ba mu da wani kart. Kafin sabo ya iso daga waje, makiyayan sun kwashe dabbobinsu sun yi arewa, matan sun koma jan guga a tsohuwar rijiya mai nisa.

Abin da na koya shi ne, ordinata ta san hanya mafi kusa, amma ba ta san wanda zai riƙe kart ɗin da ƙusa a aljihu ba. Yanzu kafin in bar ta ta ja waya ɗaya, sai na keɓe fili na hana ta shiga, na rubuta da Hausa a jikinsa: a huda nan.