Akuyar da Ba Ta Kai Baleyara Ba

Ku da kunka san Mushe Arzika, tsohon malamin lakwal (makarantar boko ke nan, inda ake ce wa malami Mushe), kun san ba ya buɗe kayensa, wato littafinsa na rubutu, sai ya lashi yatsa sau biyu, ya dubi sama, ya ce, "Duniya dai ba kai ba gindi." Da wannan yake fara karatu, da shi yake amsa barkar suna. Har ranar da baƙi sunka zo daga Yamai yi masa godiyar aikin koyarwa, abin da ya faɗa musu ke nan. Ni taubashinsa ne, uwarsa ƙanwar ubana, saboda haka ina da izinin in faɗi abin da na ga dama a kansa, yana raye ko ba ya raye. Karatuna aji uku ya tsaya, amma shi da bakinsa ya shaida ba don daƙiƙanci anka kore ni ba, don barci ne.

Da ya aje aiki sai ya ce zai rubuta littafi. Wai cikin littattafan Nasara da ya karanta akwai masu ilimi da sunka yi ta tunani har gashin kansu ya zube, sunka gano rayuwar ɗan Adam ba ta nufi ko'ina ba. Na ce, "Mushe, wanga ai duk wanda ya taɓa shuka gero sau uku cikin damina guda a ƙasar Kurfai ya san shi, ba da karatu ba." Ya ce ni jahili ne, amma na yi gaskiya, kuma wannan ma yana cikin abin da ke ba shi haushi da duniya.

Littafin labarin wani Nomau ne, da ya tashi daga Filinge da jar akuya zai kai ta kasuwar Baleyara ya sayar. Labarin ke nan duka. Kowace Laraba bayan la'asar, gindin dogon yaron da ke bayan tasha, Mushe zai karanta mana abin da ya rubuta cikin mako. Mu shida ne, tsofaffi, ba mu da aikin da ya wuce gyara zama. Larabar fari Nomau ya ɗaure akuya. Ta biyu ya tuna ya bar hularsa. Wata uku yana neman hula, da ya same ta sai ya ga ranar akwai hadari, ya aje ta ya fita kai ba hula.

Tun daga nan na sa abu guda a raina: in ji Nomau ya kai Baleyara kafin ɗayanmu ya mutu, ni ko Mushe. Kada ku yi dariya. Na aurar da ɗiya bakwai, ba wadda ta hana ni sukuni kamar akuyar nan.

Shekara ta huɗu Nomau bai wuce garin Bonkuku da ke bisa hanya ba. Sanda direba, mai motar Yamai, ya kasa haƙuri.

"Mushe, don girman Allah sa shi motata. Kyauta. Akuyar ma in ɗaure ta bisa."

Mushe ya ce to. Laraba ta kewayo munka zo da wuri, Sanda har da sabuwar riga. Mushe ya lashi yatsa ya karanta: Nomau ya shiga motar wani direba mai kirki, mota ta tashi, ba su yi nisa ba ta mutu. Wata mota ta ja ta har Filinge, don can mai gyara yake. Tafiyar shekara huɗu ta tafi cikin shafi guda.

Sanda ya miƙe. "Motata ba ta taɓa mutuwa hanyar Bonkuku ba."

"Ai ban faɗi sunanka ba."

"Ka ce ƙofarta da igiya ake ɗaure ta!"

"To ka ga kai ma ka gane ta."

Wata biyu Sanda bai gaishe shi ba, amma bai fasa zuwa ba. Sai ya zauna ya ba mu baya, kunnensa na wajenmu.

Shekara ta goma sha ɗaya Mamman mahauci ya kawo hujja ta sana'a. Ya ce akuyar da ta riga ta girma ranar da anka tashi, yanzu ko haƙori ba ta da shi, ko ta kai ba mai taya ta.

"Wa ya ce maka ita ce?" in ji Mushe. "Jikarta ce. Sun yi ta haihuwa bisa hanya kana gyangyaɗi."

"To ina sauran garken?"

"Nomau ya ba da su sadaka, kada su ɓata masa lokaci. Sauri yake yi."

Magana ta kai kunnen limamin unguwarmu. Ya tare Mushe ƙofar masallaci, alhali Mushe bai taɓa barin sahun gaba ba.

"An ce kana gaya wa mutane rayuwa ba ta da amfani."

"Allah gafarta malam, ban taɓa lahira ba. Duniya na ce."

Liman ya ce wannan kam shi ma abin da yake faɗa ke nan shekara da shekaru ba mai saurare. Ya sa takalmi, ya yi taku biyu, ya juyo. "Shi mutumin nan mai akuya, ya kai kuwa?"

Laraba ta gaba munka zama bakwai.

Akwai shekarar da matata Hajo ta rasu. Anka yi sadakar bakwai, anka yi ta arba'in, ni ban fita zaure ba. Gona ma ban leƙa ba. Wata Laraba sai ga Mushe da kaye cikin hammata, sauran na bin bayansa da tabarmi. Bai ƙara mini ko kalmar ta'aziyya ba. Ya zauna ya karanta cewa Nomau ya samu gindin gawo ya zauna, akuya na cin ganye, shi yana kallonta. Shafi uku, ba abin da ya faru.

Na ce, "Yau ko motsi bai yi ba?"

"Ba kullum ake iya tafiya ba, Illo. Mako mai zuwa zai tashi. Ka zo bayan tasha ka ji."

Na zo. Maƙaryacin banza, Nomau bai tashi ba sai bayan girbi. Amma ni na fito.

Bara ciwo ya kwantar da Mushe, shekara goma sha tara da fara littafi. Na iske shi gidan likita da hantsi, ya rame har na ga ƙashin da ban san yana da shi ba. Na duƙa kusa da kunnensa.

"Taubashi, ka ji tsoron Allah. Ni kaɗai ka gaya wa. Ya kai?"

"In ya kai sai mi?"

"Sai ya sayar."

"In ya sayar fa?"

"Sai ya komo gida."

"To ai daga gida ya tashi." Ya yi tari, ya huta. "In ya kai, mi za ku zo yi ran Laraba? Sanda ya zauna gida yana faɗa da jikoki, kai kuma ka koma zaure."

Ya turo mini kayen ƙarshe da bik, alƙalaminsa, maƙale ciki. Kwana uku bayan nan munka kai shi makwancinsa.

Larabar da ta biyo baya ba wanda ya kira wani, amma duk munka hallara. Na buɗe shafin ƙarshe, na karanta da ƙyar, da irin karatuna na aji uku: "Nomau ya hau tudu, ya hango rumfunan kasuwar Baleyara, sai". Nan rubutu ya tsaya.

Sanda ya ce, "Illo, bik na hannunka. Kai shi."

Liman ya ce ai kammala aikin mamaci lada ne. Mamman ya ce shi zai sayi akuyar ko ba ta da haƙori. Shekara goma sha tara ina jiran ranar nan, ga ta cikin hannuna, layi guda ya rage. Na dube su ɗaya bayan ɗaya, na dubi wurin da Mushe ke zama. Na lashi yatsa sau biyu. Na rubuta: "sai wani mai jaki ya gaya masa jiya anka ci kasuwa. Nomau ya ce tunda akwai mako guda, bari ya koma gida ya ɗauko hularsa."

Sanda ya zage ni har kakanni, ya manta kakan namu guda ne da marigayi. Ya juya mana baya. Larabar da ta wuce ma shi ya riga kowa zuwa.

Allah ya jiƙan Mushe Arzika, ya yafe masa wahalar da ya ba Nomau da wadda ya ba mu. Shi da ya hana bawan Allah kaiwa, Allah ya kai shi inda ya nufa ba mutuwar mota, ya sa ya iske gida mai kai da gindi. In tamu ta zo, Allah ya sa mu tarar ya shimfiɗa mana tabarma. Amin.