Kubewar da Iya Hansai Ta Hana Baƙi

Wata rana na raka ƙawata bikin suna a wani ƙauye a bayan Gumel. Ƙanwarta ce ta haihu, mu ne dangin mai jego, mun cika mota daga Kano da kayan barka.

Mijin yarinyar, Sallau, ya daɗe yana cika mana baki da miyar kubewar mahaifiyarsa. Wai iri ne na gidansu tun kaka, idan aka burga ta yauƙinta sai ya biyo cokali har sama. Mu kuwa muka taho da yunwarmu.

To shekarar an yi fari. Ruwa ya sauka, kowa ya yi shuka, sai ya ɗauke ƙaf. Kubewar garin duk ta yi yaushi, ta zubar da fure, ta bushe a tsaye.

Amma a bayan ɗakin mahaifiyar Sallau, wata tsohuwa da ake ce wa Iya Hansai, akwai 'yan tsirarun da suka ƙi mutuwa. Sauran shukar tata ta ƙone kamar ta kowa, waɗannan kuwa shar da su, har da 'ya'ya zara-zara. Kowane kara ta ɗaura masa tsumma.

Matanmu suka hango, suka fara murna. Har an ɗauko ƙwarya za a je tsinka.

Tsohuwar nan ta fito ta tsaya a bakin dangar, ta ce ba wanda zai taɓa.

Aka kira Sallau. Ya zo ya durƙusa, yana magana ƙasa-ƙasa don kada mu ji. Mun ji sarai.

"Iya, baƙi ne fa. Surukaina ne. Ki rufa mini asiri."

"Baƙi za su ci su hau mota. Ni da kai ne za mu zauna da farin nan. Wannan ta iri ce."

Ta juya ta ɗora tukunyar miyar kuka.

Ku da kuka tashi a birni, bari in gaya muku abin da ya sa maganar ta yi nauyi. Yawancinmu ba ma zaɓen irin kubewa. Mai kyau ta farko mu tsinke mu ci. Wadda ta ɓuya a ganye ta ƙosa ba a gani ba, ita ake bari ta bushe a ce an sami iri. Wato abin da ya kuɓuce wa tukunya shi muke shukawa baɗi, sannan mu zauna muna cewa kubewar yanzu ba ta da ƙarko.

Iya Hansai ta ce ita ba haka ba. Wadda ta sha rana ba ta mutu ba, ita ce za ta haifi ta gaba.

Ranar ta sha magana. Wata gwaggon mai jego ta ture kwanon tuwo, ta ce tun da take ba ta taɓa ganin rowa irin wannan ba, a ce ranar sunan jikanki ki hana mutane abin miya. Sallau ya kasa haɗa ido da kowa. Wallahi ya ba ni tausayi.

A mota har muka iso Kano ba a yi zancen jariri ba, zancen tsohuwa marowaciya ake.

Ita ko a jikinta. Ba ta ba kowa haƙuri ba, ba ta aiko da bayani ba.

Ta bar kubewarta ta ƙosa, ta bushe a kara, sannan ta fasa 'ya'yan ta zuba irin a gora da toka. Da damina ta zagayo ta shuka. A cikin waɗanda suka fito ta sake ware masu jure rana, masu yauƙi, ta hana a ci. Haka take yi kowace shekara, mutanen gida suna gunaguni, tana yi.

Da aka sake yin wani farin, matan garin suka fara sallama a gidan, kowa da 'yar ledarta. Duk wadda ta zo sai ta damtsa mata, ta ce kada ta kuskura ta cinye ta farko. A bayan idonta suka sa wa irin suna 'Yar Rowa. Da labari ya kai mata, cewa ta yi a bar mata sunan, ya yi mata daidai.

Bara Allah Ya yi mata rasuwa. Muka koma gaisuwa, har da gwaggon nan.

Damina ta sake yin gardama, kubewa ta yi wuya ko a kasuwa. Amma ranar sadaka gida-gida aka dinga shigowa da ɗanyar kubewa, a ƙwarya, a faranti, a bakin zane. Ba wanda ya roƙa. Duk daga irinta ne.

Aka yi tuwon dawa, aka burga miya, garin nan kaf ya ci, mu baƙi muka ci har aka ƙara mana.

Sallau ya kai loma ɗaya baki, ya ajiye kwanon, ya shige ɗakin uwarsa yana kuka.

Darasi: Idan abin da ke hannunka iri ne, kada kunyar ido ta sa ka zuba shi a tukunya. Za a zage ka, wataƙila naka ne ma za su fara. Ka tsaya a bakin dangarka.

Wanda gidansu akwai tsohuwa mai ɓoye iri a gora, ya tura mata gaisuwa yau. Sauranku ku yaɗa wannan, ya kai ga wanda ake kira marowaci alhali gobe yake tsarewa.