Hannun da Na Goge

Akwai wata Juma'a da ko tsufa ya sa na manta lambar ɗakin da na zauna a Gyaɗi-Gyaɗi, ita ba za ta bar raina ba. Shekaru sun ja, amma har yau in ta faɗo mini sai in ji abinci ya fita daga kaina.

Lokacin ban cika shekara da zuwa Kano ba. Ina aiki a wani shagon buga katin aure da kalanda a Tarauni, ina kwana a gidan haya mai ɗakuna tara. Mutanen gidan duk baƙi ne irina, kowa ya fita da sassafe, ya dawo a gajiye ya tura ƙofarsa. Sai in kwana uku ban yi maganar da ta wuce "ina kwana" da "guda nawa za a buga" ba. Ni kuma ba ni da saurin sabo, ga ɗan girman kan wanda yake ganin ya iya kwamfuta. Kaɗaici ya ci ni ƙwarai.

Shi ne ma ya tura ni koyon motsa hoto. Na sa manhajar yin aikin a tsohuwar kwamfutata, ina bin darussa a waya, in tsayar, in gwada, in koma baya. Aikin ba sihiri ba ne. Za ka yanke mutum daga hoton ka ajiye shi daban, ka cike ramin da ya bari a bango, sannan ka nuna wa manhajar inda zai tsaya a farko da inda zai tsaya bayan daƙiƙa biyar, ita ta cike tsakani. Abin da na fara motsawa butar alwalata ce. Ranar da ta tashi daga kan tabarma ta yi sama, na yi ihu ni kaɗai, na waiwaya ban ga wanda zan nuna wa ba.

Sai na fita da kwamfutar tsakar gida. Babu kowa sai wani dattijo mai adaidaita sahu da ɗakinsa ke kallon nawa, yana wanke ƙafa. Iyalinsa na ƙauye, shi ma shi kaɗai yake. Ya kalli butar, ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Kai ɗana, wannan in ta gudu da me za ka yi alwala?" Daga ranar na samu abokin zama. Duk Juma'a bayan la'asar mukan zauna a benci, in nuna masa abin da na koya, shi kuma ya ba ni labarin fasinjoji. Baba nake ce masa. Duk faɗin Kano shi kaɗai ne yake lura in ban fito ba.

Wata rana ya zaro wata 'yar takarda daga cikin hularsa, ya warware, sai ga memori. Ya ce, "Hotona ne ina yaro. Na takardar, ruwa ya cinye shi shekarar da ɗakinmu ya rufta, Allah ya sa ƙanena ya riga ya ɗauka da waya. Ka motsa mini shi, 'ya'yana su ga ubansu ma ya taɓa yin yarinta."

Hoton baƙi da fari ne. Yaro ɗan shekara biyu a kan kujera 'yar tsuguno, ya turo baki zai yi kuka, bayansa an rataya zane mai furanni. Daga gefen hagu kuma wani hannu ya shigo, daga wuyan hannu zuwa yatsu, ya riƙe damtsen yaron. Akwai awarwaro biyu, yatsun sun yi duhu da lalle. Ni a idona wannan hannun cikas ne. In na yanke yaron da shi, zai riƙa yawo da guntun hannu marar jiki. Malamin da nake bi a waya kuwa kullum cewa yake a share duk abin da ke ɗauke ido. Ban tambayi kowa ba. Kwana biyu na yi ina goge shi yatsa bayan yatsa, ina ɗebo furannin zanen ina rufe wurin, har ya zama ko ni ba na gane inda yake. A kan memorin nake aikin kai tsaye, don kwamfutata ta cika. Da na gama na yi sebin, wato na ajiye sabon a kan tsohon hoton, na rufe, ina jin kaina wani gwani.

Juma'a ta zo, na kunna masa. Yaron ya matso gaba a hankali, zanen ya ja baya, kan yaron ya ɗan karkata. Baba ya kalla sau uku. Ina ta jiran yabo.

"Ina hannun?" ya ce.

"Ai na gyara, Baba. Ya ɓata hoton."

Sai ya ce, "Ni ɗan fari ne. Ka san mutanenmu da kunya. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba har ta koma ga Allah, ba ta taɓa ɗaukata a gaban mutane ba, wajen kakata na tashi. Ranar da mai hoto ya zo, ina ta zamewa daga kujera, aka rasa mai riƙe ni. Sai ta miƙo hannu, ta kau da kai. Ba ta da wani hoto a duniya sai wannan." Ya yi murmushi don kada in ji kunya. "Ba komai, wannan ma ya yi kyau. Buɗe mini na asalin."

Na buɗe memorin, hoton na nan da sunansa, amma yaro ne shi kaɗai da furanni. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san al'adar nan sarai. Babban yayanmu har yau mahaifiyarmu "wancan" take ce masa. A cikin al'adar na tashi, amma da na zauna gaban kwamfuta sai na kalli hoton da idon wani malami da bai taɓa jin labarin ɗan fari ba.

Washegari na zaga kasuwar waya ta Tarauni, shago bayan shago. Amsa ɗaya suka ba ni, da goge hoton na yi daga memorin da an dawo da shi, amma abin da aka rubuta wani a kansa ya tafi. Aka kira ƙanen Baba, ya ce wayar ta daɗe da faɗawa rijiya. Don ruɗewa har na samo hannun wata amarya daga hotunan shago, na mai da shi baƙi da fari, na ɗora a damtsen yaron. Baba ya duba sau ɗaya ya ce, "Na Inna yana da tabon ƙuna a nan. Cire wannan, ɗana. Haka Allah ya so."

Bai zage ni ba, bai canja mini fuska ba, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ni ne na kasa haɗa ido da shi. Na daina fitowa benci. Wata Juma'a ya ƙwanƙwasa ƙofata, ina ciki, na yi shiru har na ji takunsa ya yi nisa. Da damina ta faɗi ya tafi gida noma, bai dawo ba, aka ba wani ɗalibin jinya ɗakinsa. Ko lambarsa ban da ita, don ban taɓa zaton zan buƙace ta ba.

Yanzu wannan aikin nake ci da shi, har wasu na zuwa koyo wurina. Kafin su taɓa komai sai sun ajiye hoton asali a wuri biyu. Amma babban abin da na koya ba na kwamfuta ba ne. Hoton mutum ba nawa ba ne, ban san abin da yake kallo a ciki ba sai na tambaye shi, ko da inuwa ce a gefe. Na kuma koyi cewa in ka yi wa mutum ɓarna ya yafe maka, ka daure ka buɗe masa ƙofa. Goge hannun kuskure ne na ɗan koyo, amma shirun da na yi a cikin ɗaki, wannan da sanina na yi shi.